Saƙon wata yaya daga Kazaure: daga ina abin yake, kuma mari yana canza shi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci.

Maganar yau tana da nauyi, sai da na kwana uku ina juya ta. Wata 'yar'uwa ce daga nan cikin garin Kazaure ta turo min saƙon murya tana kuka. An ga wasu saƙonni a wayar ƙaninta, ɗan shekara 17, tsakaninsa da wani namiji. Babansu ya daina amsa gaisuwarsa, kawunsu kuma ya ce a kai shi gidan mari a gyara shi. Tambayarta biyu ce: daga ina ya samo abin nan, kuma in an kai shi zai canza?

Ni ba malami ba ne. Hukuncin aikata luwaɗi a addini ba ɓoyayye ba ne, dokar ƙasa ma tun Janairun 2014 Jonathan ya sa mata hannu, da ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Ba wannan ta tambaye ni ba, don haka bari in tsaya kan abin da ta tambaya.

A majalisa za ka ji an ce Turawa ne suka kawo shi ta waya. To amma ita kanta kalmar luwaɗi daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu (AS) ta fito, kun ga ta girmi waya nesa ba kusa ba. Wasu kuma a intanet sukan ce a jini yake, shi ke nan. Su ma sun yi gaggawa. A 1993 wani masani a Amurka, Dean Hamer, ya ce ya ga alamar abin a wani sashe na ƙwayoyin gado, duniya ta ɗauka. Sai a 2019 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan mutum kusan 480,000, aka gano babu wata ƙwaya guda ɗaya da ke jawo shi. An samu wurare 5 masu ɗan tasiri, amma ko an haɗa su ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, ba yadda za a duba jinin mutum a ce ga inda ya dosa. Tagwaye ma da suka fito daga ƙwai ɗaya, sau da yawa ɗaya yana da wannan sha'awar, ɗayan babu. Wato gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Abin da masu binciken suka fi karkata a kai shi ne abubuwa da yawa ne ke haɗuwa, wasu tun mutum yana ciki, kuma yawanci mutum tsintar kansa yake yi da sha'awar, ba zama ya yi ya zaɓa ba. Abin da zai aikata kuwa, wannan yana hannunsa.

Yanzu maganar canzawa, nan ne nake so ku ba ni kunnuwanku.

Turawa sun riga mu gwadawa, kuma da mugun ƙarfi. A 1952 kotu a Ingila ta sa aka riƙa yi wa Alan Turing, ɗaya daga cikin iyayen ilmin kwamfuta, allurar kashe sha'awa. Bayan shekara 2 aka tsinci gawarsa. Wasu an jona musu lantarki, wasu an ba su maganin amai. A 2003 wani babban likitan ƙwaƙwalwa, Robert Spitzer, ya fitar da bincike kan mutum 200 da suka ce sun canza. A 2012 shi da kansa ya fito ya nemi afuwa, ya ce ba shi da hanyar tabbatar da abin da suka gaya masa. Ƙungiyar Kiristoci mai suna Exodus International ta yi shekara 37 tana wannan aiki. Shugabanta, Alan Chambers, ya yarda cewa kusan duk waɗanda ya sani sha'awar ba ta bar su ba, a 2013 suka rufe. Ku lura, waɗannan masu son abin ya yi aiki ne, ba 'yan adawa ba. Abin da aka fi gani ga waɗanda aka tilasta wa shi ne ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai.

Mu dawo gida. A Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata mai zuwa aka buɗe wani a Daura, nan kusa da mu. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da kuɗinsu don gyaran hali. Cikin waɗanda aka ceto akwai waɗanda suka shaida cewa a can ciki aka riƙa yin lalata da su. Wallahi ku tsaya ku yi tunani: abin da kawu yake gudu, can yake so a kai yaron.

Ga abin da na gaya mata da na kira ta. Na ce 'yar'uwa, kafin komai ki zauna da shi ku biyu, ba ihu ba zagi, ki tambaye shi wane ne wancan mutumin. In babba ne yake bibiyarsa da kuɗi ko barazana, to ƙaninki wanda aka zalunta ne, kariya yake buƙata da asibiti. Kada a yaɗa maganar a unguwa, kun san yadda taron jama'a yake in ya fusata. Ki lura da cin abincinsa da barcinsa, in ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi wurin likita a ranar. In za a nemi malami, a nemi wanda zai zauna da shi ya yi masa nasiha cikin sirri, ba mai sarƙa ba.

Ta ce Baba ba ya jin maganar kowa sai ta yayarsa, Gwaggo, da ke aure a Roni. Na ce to ki shiga mota gobe da sassafe, kafin kawu ya riga ki.