Sabon mazari a bakin tabki

Manoma da makiyaya, in kun je tabkin Madarunfa da sassafe, ku dubi ciyawar bakin ruwa. Kuna iya ganin ƙwaro mai fukafukai huɗu ya maƙale, jikinsa a koɗe, fukafukan na ƙyalli kamar an shafa musu mai. Kusa da shi ga tsohuwar fatarsa, tsage a baya. Mazari ne, yanzu ya fito daga ruwa. Ja ko shuɗin jikinsa sai bayan ƴan kwanaki.

Kada ku ɗauke shi fara. Ba ya cin hatsi, ba ya harbi. Tun cikin ruwa yake cin ƴaƴan sauro, in ya tashi kuma ya kama manyan. Ku hana yara taɓa shi, fukafukan ba su yi ƙwari ba. Kada kuma a wanke abin feshi cikin tabki, maganin yana kashe ƙananan.