Me Ke Hana Intanet Isa Ƙauye?

A ƙauyuka da dama na arewacin Najeriya, kowa ya san inda sabis yake: kan wani tudu, ko gindin wata tsamiya a bayan gari. Can ake zuwa a ɗaga waya sama, a jira saƙo ya shigo. Ranar kasuwa mai POS ya ce babu netwok, sai cinikin akuya ya tsaya cik. Ga kuma ɗalibai, waɗanda tun 2015 da kwamfuta suke rubuta jarabawar JAMB, alhali wasunsu ba su taɓa buɗe shafin intanet ba.

Ba ƙarancin intanet ne ya jawo haka ba. Manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku sun daɗe da isowa Legas: Main One da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano na kamfanin Google ya iso a 2022. Aikin da ya rage shi ne jawo su daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, kuma a nan gizo ke saƙa.

Na farko akwai kuɗin haƙa. Kafin kamfani ya binne waya a gefen titi, sai ya biya gwamnatin jiha haraji a kan kowace mita. An amince da naira 145, amma wasu jihohi sun riƙa karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuwa ta yafe harajin gaba ɗaya.

Sai wutar lantarki. Ƙarfen sabis ba ya barci, dare da rana yake aiki, kuma inda babu wuta sai janareta da man dizal da maigadi. A birni, ƙarfe ɗaya na ɗauke da dubban masu sayen data. A ƙauye mutane kaɗan ne, katin da suke sawa ma bai taka kara ya karya ba. Ɗan kasuwa kuwa lissafi yake yi, in bai ga riba ba ya yi gaba. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin: ana sace batura da janareta, kuma a Satumbar 2021 hukumomi da kansu suka katse layukan sadarwa a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga.

To, ko da ƙarfen ya iso, da sauran rina a kaba. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta sha nuna cewa a Afirka kudu da Sahara waɗanda sabis ya iso musu amma ba sa shiga intanet sun ninka waɗanda bai iso musu ba. Babbar waya ta fi ƙarfin talaka, don haka ƙaramar mai tocila yake riƙewa. Data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Wanda bai iya boko ba kuma yakan tarar komai da Turanci, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya samu karɓuwa haka. Mata su suka fi shan wahala, domin sau da yawa wayar gida a aljihun maigida take yini.

Hanyoyin gyara a bayyane suke. Yanzu ana kafa ƙananan ƙarafa masu aiki da hasken rana, ba ruwansu da dizal. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana sauko da intanet daga tauraron ɗan'adam. Ya yi wa gida ɗaya tsada, amma makaranta ko asibiti ko ƙungiyar manoma za su iya haɗa kuɗi. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin yankunan da kamfanoni ke gudu, sannan a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa waya mai tsawon kilomita 90,000.

Alƙawari dai sai an bi sawunsa. Jama'ar gari su tambayi ɗan majalisarsu nawa jiharsu ke karɓa a kan kowace mita, su kai wa NCC koke a rubuce ta hannun dagaci, su kuma tsare ƙarfen da aka kafa musu. Matasan da suka iya waya su koya wa iyayensu duba farashin hatsi da hasashen damina. Garin da kamfani ya ga ana amfani da sabis ana kuma tsare kayansa, shi zai fara tunawa da shi in ya tashi faɗaɗa aiki.