Komawa Bisa Sirdi Bayan An Girma

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Dayi, inda hanyar Malumfashi ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Gwarzo da Kano, ɗaya ta miƙe Yashe da Katsina, zai gaji da ƙidayar babura kafin ya ga doki ɗaya. Da kuwa ba haka ƙasar take ba. A zamanin En'e, kafin a rushe ta a 1976, hakimi da dagaci da malamin haraji da malamin gona duk sun san sirdi, bisa doki suke rangadi, har akan ba ma'aikaci kuɗin doki ban da albashinsa. Jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, motoci suka biyo baya suna kwasar auduga, sa'an nan keke da babur suka shigo har ƙauye. Sannu a hankali turke ya zama wofi a gidaje da yawa.

Gadon Da Muka Tarar

Son doki a ƙasar Hausa ba abin jiya ba ne. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka san lifidi da kwalkwali da sulke. Sarautun Madawaki da Shamaki su ma shaida ne, gama ɗaya shugaban mahaya ne, ɗaya kuwa mai kula da bargar sarki. Da yaƙi ya ƙare, Katsinawa ba su kwance sirdi ba. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki, watau holo, a Katsina, ya kuwa hore 'ya'yansa da fadawansa a kai. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, ya kai daraja ta 7 a ma'aunin gwanintar wasan, abin da har yau ake ba da labarinsa. Janar Hassan Usman Katsina, Gwamnan Jihar Arewa a 1966, shi ma ya bi sawun mahaifinsa.

Duniya ta ga hawan dawakinmu a Kaduna sa'ad da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, ta sake gani a bikin FESTAC na 1977, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ya wajaba a kiyaye. To, amma hawan Salla kwana kaɗan ne a shekara. Abin tambaya shi ne, wa ke riƙe da doki sauran kwanakin?

Yadda Aka Rabu, Yadda Aka Koma

Mu da muke wannan rubutu a ƙasar Dayi muka tashi, muna cikin yaran da suka fara da dokin kara, suna haniniya da baki suna ta da ƙura a ƙofar gida. Da muka tasa aka sa mu yankan ciyawa da kai doki rafi, ladanmu kuwa shi ne a ɗora mu bisa bayansa ba sirdi in za a komo. Daga nan sai makaranta ta ɗauke mu, daga firamare zuwa kwana, daga kwana zuwa kwalejin horon malamai, daga aji zuwa ofis. Fiye da shekara ashirin ƙafarmu ba ta shiga likkafa ba. Duk da haka ko cikin mota muke, in muka hangi ingarma a turke sai mun waiwaya, mu duba ƙirjinsa da tsayuwar ƙafafunsa.

Sai da muka ba arba'in baya muka koma, a kan wani tsohon bidi na wani dattijo abokin mahaifinmu, wanda ya ce, "Ɗana, hau dai, jiki ba ya manta abin da ya koya da ƙuruciya." Gaskiya ya faɗa, amma da saura. Hannu ya tuna linzami, gwiwa ta tuna matsa, sai dai cinya da ƙugu sun saba da kujera, suka yi kwana uku suna ƙara. Akwai kuma abin da yaro bai sani ba, babba ya sani, watau tsoron faɗuwa. Yaro in ya faɗi dariya zai yi ya tashi. Magidanci kuwa yana tuna iyali da aikin gobe. Wannan tsoro ba abin kunya ba ne, shi ke sa mutum ya duba majayi sau biyu kafin ya hau.

Abin da muka samu ya fi abin da muka nema. Kilisar awa guda bayan la'asar tana warware gajiyar tebur. Kuma mai tafiya bisa doki yana ganin gona, yana jin gaisuwa, yana tsayawa ya amsa, alhali mai mota ƙura kaɗai yake bar wa mutane. Malamin da ke son sanin abin da ya hana yaran wata unguwa zuwa makaranta, a irin wannan tsayawa yakan ji shi.

Shawara Ga Mai Niyyar Komawa

Da fari, kada ka fara da duƙushi ko doki mai zafin kai don ya yi kyaun gani. Nemi wanda ya manyanta, ya saba da mutane da ƙarar babur. Ka tafi da wanda ya iya duba haƙori, gama a nan ake gane shekaru. Doki in ya sami kulawa yakan kai shekara 25, saboda haka mai shekara 10 bai tsufa ba.

Na biyu, bi mataki mataki. Ka yi makonni kana tafiya da takama kafin sassarfa, ka daɗe a sassarfa kafin sukuwa. Zamiya da jafi a bar wa gwanaye tukuna. Linzaminmu na gargajiya yana da ƙarfi ƙwarai a bakin doki, hannu mai nauyi yakan fasa shi har jini ya fito. Sassauta hannu, ka yi magana da gwiwa, ƙaimi kuwa a ajiye shi sai an ƙware.

Na uku, ciyarwa. Cikin doki ƙarami ne bisa ga girman jikinsa, kuma ba ya iya amai. Don haka ake ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa: harawa da ciyawa su ne tushe, dawa da dusa ƙari ne gwargwadon aikin da ya yi, da ɗan kanwa. A shayar da shi kafin a ba shi hatsi, kada a cika masa dawa farat ɗaya, domin ciwon ciki yana kashe doki cikin dare guda. Da bazara yakan sha ruwa fiye da lita 30 a yini. A sayi harawa da kaka tana araha a ɗora bisa rumfa, wanda ya jira rani ya tsananta zai saya da tsada.

Na huɗu, lafiya. A goge bayansa kullum, a shanya zubka, don gumi da datti su ke kawo gyambon sirdi. A riƙa yanke kofato. Da damina akwai annobar dawaki wadda waɗansu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa. A shigar da shi barga kafin faɗuwar rana, a yi hayaƙi, a kuma nemi malamin dabbobi tun cuta ba ta zo ba. Saboda ɓarayin daji da suka addabi kudancin Katsina, kada kilisa ta yi nisa da gari, kada kuma a kai duhu.

Batun kuɗi ba ma ɓoye shi. Albashin malami ɗaya da wuya ya riƙe iyali ya riƙe doki. Amma mutum uku ko huɗu za su iya haɗa hannu su sayi ɗaya, su raba abinci da ladan muri, kowa da ranarsa.

Abin Da Ke Shirin Ɓacewa

Ba don nishaɗin manya kaɗai muke wannan magana ba. A gwada tambayar 'yan aji shida bambancin kili da akawal, ko gunya da hurde da danda, ko mene ne ragama da jalala da dabaibayi. Kaɗan ne za su amsa. Kalma takan mutu in abin da take nufi ya bar gari. Haka kuma baduku mai ɗinkin kayan doki da maƙeri mai ƙera likkafa, in ba mai saye, 'ya'yansu za su kama wata sana'a, ranar da aka nemi gwani kuwa sai a rasa.

Saboda haka muna roƙon malamai su sa yara su tattaro sunayen dawaki da na kayan hawa daga bakin kakanninsu, a rubuta a littafin aji. A kai su su ga barga, a gayyato tsohon mahayi ya ɗaura sirdi a gabansu. Ku kuma akawuna da malamai da kuka hau da ƙuruciya kuka bari, ku sani ba ku makara ba, dattawan da za su riƙe muku likkafa suna nan da ransu, amma ba za su dawwama ba. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, ya kiyaye mahayi da abin hawansa, amin.