ZAƁEN ƘAHON LASIFIKA: ABIN DA YA KAMATA MA'AIKATA DA ƊALIBAI SU SANI

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗejiya ran hawan Salla ya ji yadda kakaki yake ratsa hayaniyar dawaki da ta jama'a, har muryarsa ta kai bayan gari. Mai busa shi kuwa leɓɓa biyu kawai yake kaɗawa, kamar na kowa. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne dogon bututun nan da ya fara da siririn maƙogwaro, ya yi ta buɗewa sannu a hankali har ya ƙare da faffaɗan baki. Wannan hikima ta maƙeran da, ita ce dai ake amfani da ita a lasifikar masallaci, da ta motar shela, da kuma manyan lasifikokin da ake girkawa a ɗakunan ɗaukar sauti na gidajen rediyo da na mawaƙa.

Irin wannan lasifika kashi biyu ce. Akwai kai, watau ɗan ƙarfen nan mai nauyi wanda masana ke kira direba, akwai kuma ƙaho da ake ɗaura masa. Sau da yawa akan sayi kai mai tsada, sa'an nan a liƙa masa duk ƙahon da aka samu a kasuwa, a ɗauka cewa ƙaho ado ne kawai. Alhali kuwa shi ne yake yanke hukuncin inda murya za ta, da yadda za ta isa.

YADDA ABIN YAKE AIKI

A cikin kan lasifika akwai maganaɗisu da wata 'yar tasa marar kauri da aka yi da alminiyam ko wani ƙarfe marar nauyi. Idan lantarki ya zo daga amfilifaya sai tasar ta riƙa kaɗawa, tana matsa iska ta wata ƙofa da ba ta kai ta faɗi ba. Iskar da aka matsa haka tana da ƙarfi, amma in aka sake ta kai tsaye a sarari yawancin ƙarfin tashi yake a banza. Aikin ƙaho shi ne ya raka ta a hankali daga ƙunci zuwa yalwa.

Lasifikar takarda irin ta cikin akwatin rediyo da ƙyar take mayar da kashi 1 ko 2 cikin 100 na lantarkin da ta ci ya zama sauti, saura duk zafi ne. Kai mai kyau da ƙahon da ya dace yakan mayar da kashi 20 ko fiye. Da wat 1 kacal yakan ba da ƙara mai kimanin desibel 110 a tazarar mita 1, kuma tun da yake ƙara tana raguwa da desibel 6 duk sa'ad da tazara ta ninka, mutumin da ke nesa da mita 32 zai ji desibel 80, wanda ya fi ƙarfin hira ta yau da kullum nesa ba kusa ba. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ana dogara da batir ko hasken rana, wannan tattali ba ƙaramin abu ba ne.

Asalin wannan na'ura daga sinima ne. Wajen 1926, lokacin da aka fara sa wa majigi murya a Amurka, amfilifaya ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba, ga shi kuwa ana son cika babban zaure. Injiniyoyi biyu na kamfanin Bell, watau Wente da Thuras, suka ƙera kan lasifikar da aka sani da Western Electric 555. A 1935 kamfanin fim na MGM ya fito da ƙahon Shearer, wanda James B. Lansing yana cikin waɗanda suka yi aikinsa, kuma harufan sunansa ne kamfanin JBL yake ɗauke da su.

ABUBUWA HUƊU DA AKE DUBAWA

Na farko shi ne maƙogwaro. Kawunan lasifika suna zuwa da ƙofa mai faɗin inci 1, ko 1.4, ko 1.5, ko 2, kuma wajibi ne maƙogwaron ƙaho ya yi daidai da ita. Idan aka haɗa su da ƙarfin tuwo, ko aka bar tudu a mahaɗar, sauti yakan yi karo ya koma baya, murya ta fito da wani amo kamar mai magana ta hanci. Ƙaramin maƙogwaro ya fi fitar da siraran sauti da tsabta, babba kuwa ya fi jure ƙarfi da saukowa zuwa kaurin murya.

Na biyu shi ne girman baki da tsawon ƙaho. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wanda yake kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa tsawon zangonsa santimita 34 ne, mai kaɗawa sau 500 kuwa kusan santimita 69. Ƙaramin ƙaho ba ya iya riƙe dogon zango. Kowane ƙaho yana da iyaka ta ƙasa, wadda in aka gangara bayanta yakan saki kan lasifika, tasar ta yi ta lilo ba abin da ya tare ta har ta tsage. Dokar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce a ninka wannan iyaka: ƙahon da iyakarsa 500 ce, kada a ba shi sautin da ya gaza 1,000, sauran a bar wa babbar lasifikar takarda da ke ƙarƙashinsa.

Na uku shi ne faɗin watsawa. A jikin takardar ƙaho za a ga an rubuta 90 da 40, ko 60 da 40, ma'ana digiri nawa yake watsa sauti dama da hagu, nawa kuma sama da ƙasa. Tsofaffin ƙahoni suna da wani aibi, watau suna baza kaurin murya ko'ina amma su tattara siraran sauti a tsakiya kamar hasken tocila, wanda ya gusa gefe kaɗan sai ya ji magana ta dushe. A 1975 wani injiniya mai suna Don Keele, na kamfanin Electro-Voice, ya bayyana fasalin ƙahon da ke watsa kauri da siranta bai ɗaya. Sai dai shi ma yana bukatar a ɗan ƙara masa ƙarfin siraran sauti daga na'ura, in ba haka ba ya fito a dakushe.

Na huɗu shi ne abin da aka ƙera shi da shi. Siririn ƙarfe yakan yi amo irin na ƙararrawa idan ba a liƙa masa abin da zai danne shi a baya ba. Shi ya sa wasu manyan ɗakunan ɗaukar sauti suka fi son ƙahon katako mai kauri ko na roba mai tauri.

ƊAKIN ƊAUKAR SAUTI DABAN, FILI DABAN

Kowane allazi da nasa amanu. Ƙahon masallaci, irin na kamfanin TOA ko Ahuja, an naɗe hanyarsa ne a ciki don ya yi tsawo ba tare da ya cika wuri ba. Yana jure rana da ruwa, yana kai magana nesa, amma ba ya fitar da kaurin ganga ko sirantar kuge. Wanda ya girka shi a ɗakin ɗaukar sauti ya sa wa kaza linzami.

Babbar lasifikar ɗakin ɗaukar sauti alƙali ce, da ita ma'aikaci yake yanke hukuncin ko muryar mai labarai ta fita, ko kiɗa ya danne mawaƙi. Idan ƙahonta yana ƙara kaifi, ma'aikaci zai rage kaifin da babu shi a ainihin muryar, shirin ya isa akwatin rediyon manomi a Guri ko Kirikasamma a dushe. Idan kuwa ƙahon yana ɓoye kaifi, shirin ya fita yana sukar kunne. Misalin da ake yawan kawowa shi ne lasifikar JBL 4430 ta 1981, wadda aka haɗa lasifikar takarda mai inci 15 da ƙaho mai watsa digiri 100 ta kowace fuska, aka raba musu aiki a kan kaɗawa 1,000, daidai inda faɗin watsawarsu ya zo ɗaya, don kada kunne ya ji wurin da ɗaya ya miƙa wa ɗaya.

Har ila yau dole a dubi ɗakin kansa. Yawancin ƙananan ɗakunan da matasa ke buɗewa don ɗaukar waƙoƙin bege da na biki shaguna ne na bulo da siminti, bango kusa da bango. A irin wannan wuri ƙaho mai faɗin watsawa zai yi ta jifan bango, amsa-kuwwa ta dawo ta rikita mai sauraro. Bugu da ƙari babbar lasifika tana son a zauna nesa da ita kamar mita 3 kafin muryar ƙaho da ta takarda su gauraya. Ɗakin da bai kai haka ba, ƙananan lasifikoki na kan tebur sun fi masa amfani, sun kuma fi araha.

Yanayin ƙasar Haɗejiya ma yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana shiga maƙogwaro ta maƙale a ratar maganaɗisu, zanzaro yana son gina ɗakinsa a cikin ƙaho, raɓar fadama da damina kuma takan sa katakon da bai bushe sosai ba ya kumbura ya tsage da rani. Saboda haka kada a cire 'yar ragar da ke bakin kan lasifika, a kuma rufe ƙaho da ƙyalle in ba a aiki.

ABIN DA YA SA AKA DAMU

Wani zai ce wannan magana ta masu kiɗa ce. To amma mutanen wannan kwari sun san darajar shela. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗejiya ya dogara ga damina da kuma abin da aka sako daga sama. A 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Guri da sauran sassan masarautar, a 2020 kuwa mutanen birnin Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da yashi don tare ruwa. A irin wannan dare gargaɗi ta rediyo da lasifika yake bi, kuma gargaɗin da aka ji ƙararsa ba a gane kalmominsa ba daidai yake da wanda ba a yi ba.

Don haka ma'aikacin da aka ɗora wa rubuta takardar sayen kayan sauti, ko na gidan rediyo ko na zauren taro ko na motar wayar da kai, kada ya tsaya ga yawan wat da sunan kamfani. Ya auna ɗakin ko filin, ya rubuta faɗin maƙogwaro da digirin watsawa da iyakar ƙasa da yake bukata, ya nemi ɗan kwangila ya kawo takardar awo ta kamfani, sa'an nan a gwada kayan da muryar mutum, ana zagayawa kowane lungu, kafin a sa hannu a biya. Ɗaliban fasaha kuwa, irin na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, ga fage nan a buɗe, domin lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba, kuma masallatai da makarantu da ɗakunan ɗaukar sauti na masarautar suna bukatar masu wannan sani.