Tsimin Wuta Da Gawayi: Dabarun Gida Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu

Daga Wakilinmu Na Arewa

Tun ranar 29 ga Mayu, 1999 ba a yi wata 29 ga Mayu da talaka ya riƙe a ransa kamar ta 2023 ba, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Daga Agege zuwa Sabon Ibadan, magidanta sun ji a jikinsu. Wanda ya saba tayar da janareta kullum dare ya koma lissafi, uwargida kuwa da ta ga gas da kananzir sun yi tsada sai ta koma ga gawayi.

To, gawayin nan ba daga sama yake faɗowa ba. Kafin a sami buhu guda sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau da yawa, alhali hamada tana ta cin ƙasa a jihohi irin su Yobe, Jigawa da Sakkwato, inda iyaye da gonakin gado suke. Saboda haka mai tsimin gawayi a Ikko yana taimakon aljihunsa, yana kuma taimakon daji.

Dabarun kuwa ba baƙi ba ne, tsofaffin gida sun san su. A jiƙa wake tun da dare, zai nuna da wuri. A rufe tukunya da murfi, a kuma kare murhu daga iska. In shinkafa ta tafasa ta kusa tsotse ruwa, a sauke tukunyar a naɗe ta da tsohon bargo, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Bayan an gama girki a rufe garwashi da yashi, gobe a sake hura shi.

Ga maganar lantarki. A watan Afrilu 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowace ma'auni. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, in ya yi awa 10 kullum, yana shan ma'auni 18 a wata, wato naira 4,050 bisa wancan farashi. Sabon ƙwai na LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, amma kuɗinsa bai kai naira 610 ba. A gidan haya da mutum goma ke kan mita ɗaya, wannan bambanci ya isa ya kashe rigimar ƙarshen wata. Dutsen guga da hitar ruwa su ne manyan masu shan wuta, don haka a tara kaya a goge su lokaci guda.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi, wato rai. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, ta kuma sha hallaka iyali sukutum suna barci. Kada tsoron ɓarawo ko ruwan sama ya sa a kwana da janareta a ɗaki ko a soro, kada kuma a shiga da garwashi ɗaki a rufe taga.

Wanda ya baro gida don nema, abin da ya rage a hannunsa shi ne ribar tafiya. Da ma Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.