Ranar Da Mai Gadi Ya Kama Maigida

A ran 21 ga watan Afrilu na shekarar 2010, ma'aikata masu ɗimbin yawa a Amurka da waɗansu ƙasashe suka tarar kwamfutocinsu sun ƙi aiki. Waɗansu sun daskare, waɗansu kuwa sai su mutu su tashi, su sake mutuwa. Abin mamaki, manhajar riga-kafi ta McAfee, wadda aka sa don ta tsare su daga cuta, ita ce ta jawo ɓarnar.

Dalili kuwa shi ne, akwai kuskure cikin sabon bayanin cututtuka da kamfanin ya aika wa manhajar a ran nan. Da ta bincika kwamfutocin da ke aiki da wani nau'in Windows XP, sai ta ɗauki fayil ɗin svchost.exe, wanda Windows ba ta tafiya sai da shi, a matsayin cuta, ta killace shi. A jihar Rhode Island har asibitoci suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Sai da masu gyara suka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da fayil ɗin, suka sa gyararren bayani.

Saboda haka wanda kwamfutarsa ta daskare bayan bincike, kada ya yi garajen goge kome, ya rasa aikin shekaru. Ya tashe ta ta hanyar Safe Mode, ya fara duba abin da riga-kafin ya killace. In kuwa riga-kafi biyu ya sa, ya cire ɗaya, domin sukan yi karo da juna.