Garin dutse a cikin narkakkiyar roba

Kujerar roba da ake jerawa a wajen biki, da buhun shinkafa, da bokitin wanka, yawancinsu daga roba ɗaya aka yi su, wato polifurofilin. Giulio Natta na Italiya ne ya samar da nagartaccen nau'inta a 1954, kamfanin Montecatini kuma ya fara yin ta don kasuwa a 1957. Sau da yawa ba a narka ta zalla. Ana zuba mata garin dutse don kaya ya yi tauri kuma kuɗi ya ragu: ko kalsiyam kabonet, sinadarin dutsen da ake yin siminti da shi, ko talak, dutse mai laushi da ake yin hoda da shi. Da zarar garin ya shiga, gudun robar a cikin inji ya sauya, a masana'antar Jamus ne ko a Sharaɗa ta Kano.

Ma'aunin gudun robar da kowa ke dubawa mai sauƙi ne. A narka robar a zafin digiri 230, a ɗora mata nauyin kilo 2.16, ta fito ta wata kafa mai faɗin milimita 2 da ɗoriya, sannan a auna giram nawa ya fita cikin minti 10. Robar zaren buhu takan ba da giram 3 zuwa 4, wadda ake ɗurawa a mazubi kuwa ta fi haka nesa. Idan an ƙara gari, galibi lambar sauka take yi, kamar yadda kunu ke yin kauri in aka ƙara masa ƙullu. Tun 1911 Einstein ya lissafa cewa ƙwayoyi zagayayyu da suka cika kashi 1 cikin 100 na ruwa suna ƙara masa kauri da kashi 2.5. Wannan lissafin na ƙwayoyi 'yan kaɗan ne. In sun yi yawa har suna gogar juna, kaurin yakan haura da sauri, wani lokaci ma robar ta ƙi motsi sai an matsa mata da ƙarfi.

Siffar ƙwayar ita ce kan gaba. Ta kalsiyam kabonet dunƙulalliya ce, tana mirginawa. Ta talak kuwa fale-fale take, saboda haka ta fi tare hanya. Gari mai laushi sosai shi ma ya fi ƙara kauri, kuma yana son curewa, shi ya sa ake shafe ƙwayoyin kalsiyam kabonet da istiyarik asid, wani maiƙo da ake samu daga kitse ko manja, don su warwatsu cikin robar.

A ganina, dogaro da lambar nan ita kaɗai ganganci ne. Nauyi take aunawa, alhali garin dutse ya ninka robar nauyi kusan sau uku: 2.7 a kan 0.9. Haɗin da kashi 40 na nauyinsa gari ne, kashi 18 kacal na sararinsa garin ya cika. Don haka giram ɗin da suka fito na iya nuna cewa gudun bai ragu sosai ba, alhali abin da ya wuce ta kafar ya ragu ƙwarai. (Mai masana'anta ma a nan yake ruɗuwa wajen lissafin riba, domin da kilo yake saye, mazubi kuwa da sarari ake cika shi.) Bugu da ƙari, a hankali gwajin ke tura robar, injin ɗura kuwa da gudun tsiya yake tura ta. A irin wannan gudun robar takan tsinke, ƙwayoyin talak su kwanta su bi hanya, tazarar da ke tsakanin mai gari da marar gari ta ragu.

Garin yana da alherinsa. Robar da ta fito daga bakin inji ba ta kumbura kamar zalla, tana saurin hucewa, kayan kuma ba ya tsukewa sosai bayan ya daskare. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci ke son haɗin da ke da talak kashi 20 a sassan cikin mota. Illar tana bayyana inda narkakkiyar roba ta rabu biyu a mazubi ta sake haɗuwa, domin mahaɗar takan yi rauni in gari ya yi yawa. Idan kuma garin ya sha danshi a sito, tururi ne zai bar zane da ƙananan ramuka a jikin kayan, zaren buhu kuma ya riƙa tsinkewa lokacin da ake jan sa.